Gishiri, Gero da Ruwan Sama: Nazari Kan Rayuwar Garin Bilma

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda yanayin ƙasa ya tsara zaman jama'ar Bilma. Abin da take son tabbatarwa shi ne, daminar da ke ciyar da garin a Damargu da ƙasar Hausa take sauka.

Muhalli da Yanayi

Bilma ƙaramin gari ne a jihar Agadas, arewa maso gabashin Nijar, a gindin dutsen Kawar. Tsakaninsa da Agadas akwai wajen kilomita 600 na rairayin Tenere. Mazaunansa Barebari ne da Tubawa. Matsakaicin ruwan sama a shekara bai kai milimita 20 ba, amma ruwan ƙasa yana kusa, shi ke raya dabino da 'yan lambuna. Gero kuwa, wanda shi ne cimar gari, sai an kawo shi.

Gishiri da Ayari

Arzikin garin yana Kalala, inda ake haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi. Tsabtataccen da ake kira beza na miya ne. Sauran a kwaɓa shi da ƙasa mai gishiri, a zuba a ƙwaryar kututturen dabino, ya bushe ya zama kantu, wanda makiyaya ke ba dabbobi su lasa. Kusan komai na wannan sana'a ya rataya ne a kan bushewar iska da zafin rana.

Bayan damina, wajen watan Oktoba, Buzaye irin su Kel Ewey ke tasowa da ayari daga Abzin, madugu na gaba, su ya da zango a Fashi kafin su iso. Gero suke saukewa, su ɗora gishiri da dabino, su gangara da su kasuwannin kudu har Kano. Mai yawon bincike Heinrich Barth ya ratsa Kawar a 1855, Faransawa suka kafa sansani a Bilma a 1906, kuma masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi nazarin wannan fatauci a littafinsa na 1986. Sai dai masana sun fi karkata ga gishirin da ke fita, alhali a ganina geron da ke shiga ya fi bayyana halin da garin ke ciki. In damina ta yi gardama a kudu, gero ya yi tsada, kantu ya faɗi a musaya, magidanci a Bilma ya kwana da yunwa ko da ramukansa sun cika. Farin 1968 zuwa 1974, da ya hallaka raƙuman Abzin, ya raunana ayari ƙwarai, manyan motoci suka karɓi wani kaso na dakon.

Ruwan da ke sauka a garin kansa kuwa ɓarna yake yi, domin da tubalin ƙasa mai gishiri aka gina tsofaffin gidajen. A watan Agusta na 2006 mamakon ruwa ya narkar da bangaye, gidaje masu yawa suka zube, iyalai suka rasa matsuguni.