Sanya Wutar Sola a Gida: Yadda Ake Tsara Aiki da Kwatanta Farashi

Gabatarwa

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, ɗawainiyar kunna janareta ta gagari gidaje da dama, abin da ya sa jama'a a birni da karkara suka karkata ga wutar hasken rana, wadda aka fi sani da sola. Sai dai aikin yana cin kuɗi masu yawa a lokaci guda, kuma kuskure ɗaya wajen zaɓen kaya yana iya sa magidanci asarar abin da ya daɗe yana tarawa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba a fara wa daga farashi. Ana fara wa ne daga sanin yawan wutar da gida yake bukata, sannan a nemi masu sayarwa su kawo farashi a kan wannan bukata guda ɗaya.

Kayayyakin da Ke Cikin Aikin

Sola ta gida ta ƙunshi manyan abubuwa huɗu. Na farko fanel, wato farantin da ke mayar da hasken rana wutar lantarki. Na biyu batir, wanda ke ajiye wutar domin amfanin dare. Na uku kwanturola, mai daidaita cajin batir don kada ya lalace. Iri biyu ne, PWM mai araha da MPPT mai tsada, wanda ya fi tatso wuta daga fanel. Na huɗu inbata, mai juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da talabijin suke amfani da ita. Wasu inbatocin suna zuwa da kwanturola a cikinsu. Baya ga waɗannan akwai wayoyi, da bireka, da ƙarafan ɗaure fanel, da wayar ƙasa, da na'urar kariya daga tsawa.

Mataki na Farko: Lissafin Bukatar Gida

A jikin kowane kayan wuta akan rubuta ƙarfinsa da wat. Idan aka ninka wat da yawan awannin da ake kunna shi a rana, za a sami abin da ake kira wat-awa. Wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya a mitar kamfanin wuta. Ga misalin wani matsakaicin gida:

Ƙwan fitila 6, kowanne wat 10, awa 5: wat-awa 300
Fanka 2, kowacce wat 60, awa 8: wat-awa 960
Talabijin da dikoda, wat 80, awa 5: wat-awa 400
Cajin waya 4, kowacce wat 10, awa 2: wat-awa 80
Jimla: wat-awa 1,740

Wani ɓangare na wutar yana salwanta a cikin wayoyi da batir da inbata, don haka akan ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan jimlar, ta koma kimanin 2,300. A arewacin Nijeriya akan yi lissafi da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a kowane yini. Idan aka raba 2,300 gida 5, za a sami wat 460. Ke nan fanel biyu masu wat 300 kowanne za su wadatar, har da rarar da za ta taimaka a lokacin hazon hunturu da kuma hadarin watan Agusta.

Game da batir kuwa, mai lamba 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar wat-awa 2,400. Amma batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri, don haka wat-awa 1,200 kawai ake mora. Gidan da ke cikin misalin nan, da yake yawancin amfaninsa da dare ne, yana bukatar irin wannan batir guda biyu. Shi kuwa batirin litiyom ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya ɗauka.

Girman inbata ya dogara ne ga jimlar kayan da za a kunna lokaci guda. A wannan misali wat 300 ne, don haka inbata mai 1kVA ta isa. Firji da injin jawo ruwa suna jan wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin da suke tashi, shi kuwa dutsen guga da hita sukan ci wat 1,000 ko sama da haka. Duk mai niyyar ɗora irin waɗannan kaya, ko a nan gaba ne, wajibi ne ya faɗa tun kafin a yi masa lissafi.

Mataki na Biyu: Neman Takardun Farashi

Ana shawartar magidanci ya nemi takardar ƙiyasin farashi daga wurare uku aƙalla, kuma ya ba kowannensu jerin kayan wuta iri ɗaya. Ya dace mai aikin ya zo ya ga gidan da idonsa kafin ya rubuta takarda. Takardar da ta ce “sola cikakkiya” da jimlar kuɗi kawai ba ta da amfani wajen kwatance. Ingantacciyar takarda tana nuna waɗannan abubuwa, kowanne da kuɗinsa:

1. Yawan fanel, wat ɗin kowanne, da sunan kamfanin da ya ƙera.
2. Nau'in batir, girmansa, da ko sabo ne ko na hannu.
3. Girman inbata da nau'in kwanturola.
4. Kaurin waya da tsawonta, da tabbacin cewa ta jan ƙarfe ce zalla.
5. Bireka, wayar ƙasa da kariyar tsawa.
6. Kuɗin aiki da na dakon kaya zuwa garin mai gida.
7. Garantin kowane kaya, da wanda zai ɗauki nauyin gyara.
8. Ranar da farashin zai daina aiki, domin yawancin kayan daga waje ake shigo da su, kuma kuɗinsu yana bin canjin dala.

Mataki na Uku: Kwatanta Takardun

A shimfiɗa takardun a jere, a bi su layi-layi. Idan ɗaya ta fi sauran araha da nisa, a nemi dalili. Galibi za a tarar an rage yawan fanel, ko an sa siririyar waya, ko an cire kariyar tsawa, ko kuma batirin na hannu ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Batir ne ya fi komai tasiri a kan kuɗin da za a kashe cikin dogon lokaci. Batir mai ruwa yakan yi shekara 2 zuwa 4, gwargwadon kulawar da ya samu, yayin da litiyom mai inganci yakan kai shekara 8 zuwa 10. Ke nan wanda ya sayi mai ruwa zai iya sauya shi sau biyu ko uku kafin na litiyom ya gaji. Hanya mai sauƙi ita ce a raba kuɗin kowane batir da yawan shekarun da ake sa ran zai yi, sannan a duba yawan wutar da ake mora daga cikinsa. Wanda ƙarfinsa bai kai ga litiyom ba yana iya farawa da mai ruwa, amma ya san cewa akwai kuɗin sauyi a gabansa, ya fara tanadi.

Haka zalika a lura da garantin fanel, domin iri biyu ne. Akwai na ƙira, wanda yakan kasance shekara 10 zuwa 12, da na aiki, wanda ke alkawarin cewa fanel zai ci gaba da bayar da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan shekara 25. Garantin da ba a rubuce yake ba, ko wanda ba a san inda za a kai kaya idan sun lalace ba, daidai yake da babu.

Akwai kuma kamfanonin da ke bayar da ƙananan sola a biya sannu a hankali. Mai sha'awar wannan tsari ya tara jimlar abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe, ya kwatanta da kuɗin hannu, ya kuma tambayi abin da zai faru idan ya yi jinkirin biya.

Tantance Kaya da Mai Aiki

Akan sami fanel da aka liƙa wa lambar wat wadda ta fi ƙarfinsa na gaskiya. Fanel mai wat 300 yakan kai mita 1.6 zuwa 2 a tsawo da kimanin mita 1 a faɗi. Wanda ya gaza haka da yawa abin tuhuma ne. Batir mai ruwa na 200Ah yakan yi nauyin kusan kilo 60, kuma ya kamata a duba ranar ƙera shi. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigo da su, hukumar NEMSA kuma ita ke ba masu aikin haɗa wutar lantarki takardar shaidar ƙwarewa. Ya dace a nemi ganin wannan takarda, da rajistar kamfani ta hukumar CAC, a kuma ziyarci wani gida da mai aikin ya sa wa sola shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Kada a biya kuɗi gaba ɗaya. A bayar da kafin alƙalami, a cika saura bayan an gwada aikin dare da rana, kuma a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya. Idan saɓani ya taso, ana iya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC.

Wurin Kafawa da Kulawa

A ƙasarmu fanel yana fuskantar kudu ne, a ɗan karkace da digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Inuwar darbejiya ko ta tankin ruwa a kan ɓangare kaɗan tana rage wutar dukkan fanel ɗin da ke haɗe a layi ɗaya. A bar rata tsakanin fanel da kwano domin iska ta ratsa, saboda zafi yana rage ƙarfinsa, a kuma ɗaure shi da kyau saboda guguwar farkon damina. Gidan da rufinsa na azara da ƙasa ne, ya fi dacewa a kafa fanel a kan ginshiƙan ƙarfe a tsakar gida. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma.

Batir yana son wuri mai sanyi da iska. Mai ruwa yana fitar da iskar da ke iya kama wuta, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin barci ko kusa da murhu, kuma ruwan batir kawai ake ƙara masa, ban da na rijiya. Idan ya mutu a mayar wa dillali, kada a fasa shi a gida, domin dalmar da ke cikinsa guba ce, musamman ga yara.

Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi da Shugabannin Al'umma

Yayin da za a sa wa asibitin ƙauye, makaranta ko rijiyar burtsatse sola, ya kamata a rubuta bukata guda ɗaya a raba wa duk masu neman kwangila, domin kwatancen ya yi adalci. A ware kuɗin sauya batir tun a cikin kasafin farko, a naɗa mutum ɗaya daga garin da za a koya wa goge fanel da duba batir, a kuma adana takardun garanti da lambobin kaya a ofis. Dagatai da masu unguwanni suna iya haɗa magidanta da yawa su nemi farashi tare, abin da kan rage kuɗin dako, ya kuma sa mai aikin ya riƙa dawowa duba kayan a kan kari.