Ishiriniya da Watan Mauludi: Waƙar Ibada da Zagayowar Shekara

Batunmu a yau shi ne waƙar da take da lokacinta a cikin shekara. Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san cewa da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, zaurukan malamai sukan cika da dare, wani ya ja baitin Ishiriniya, jama'a su amsa.

Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta domin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙasidu 29 ne bisa jerin haruffan Larabci, kowace da baiti ashirin, daga nan ta samo sunanta. Daga baya Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, watau ya mayar da kowane baiti mai ƙwar biyar. Shaidar daɗewarta a ƙasar Hausa kuwa ita ce sharhin da Waliyyi Ɗanmasani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta a kanta.

A zamanin Ɗanmasani ɗin nan, wani mawaƙin fada a birnin Dresden na Jamus, Heinrich Schütz, ya buga waƙoƙin coci a 1648, shekarar da aka gama yaƙin shekara talatin. Nasa ma 29 ne, na muryoyi biyar zuwa bakwai, an jera su bisa bukukuwan Kirista, farawa daga makonnin jiran Kirsimeti.

To, ga inda hanya ta rabu. Schütz ya rubuta kalmomi da karin murya duka, saboda haka ana rera su yau kusan yadda ya tsara. Mu kuwa matani kaɗai muka rubuta. Karin yana cikin ƙirjin masu ja, almajiri ya ɗauka daga bakin malaminsa. Idan tsoho ya rasu bai koyar ba, littafi yana nan, amma muryarsa ta tafi da shi.

Don haka ya wajaba ga jami'o'inmu da hukumomin al'adu su bi garuruwa irin su Mahuta, su ɗauki muryoyin nan a na'ura, su rubuta sunan kowane mai ja da na malamin da ya koya masa.