Mulkin Allah: A Zuci Yake Ko A Majalisa?

Mutanen Bodinga sun san labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a garin bayan jihadi. A wajajen 1807 ya bar rundunar yaƙi ya nufi Makka, saboda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai Kanawa suka tsayar da shi, har ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon mulki. To, irin wannan tambaya, shin mai addini ya guji mulki ko ya shiga ya gyara, ta daɗe tana raba kan maƙwabtanmu Kiristocin Arewa.

Tushen saɓanin yana cikin littafinsu. A Linjilar Yohana, Almasihu ya nuna wa gwamna Bilatus cewa sarautarsa daban take da ta sarakunan duniya, alhali a addu'ar da ya koya wa almajiransa ana roƙon a aikata nufin Allah a nan ƙasa. Kowane ɓangare ya kama nasa.

Turawan mishan na SIM, waɗanda suka iso Nijeriya a 1893, yawancinsu sun tafi a kan cewa duniya ba za ta gyaru ba sai Almasihu ya dawo, don haka aikin mai bi shi ne wa'azi da tsarkake zuciya. Da wannan tarbiyya mabiyansu da dama suka tashi suna kallon siyasa a matsayin ƙazanta.

Amma da guguwar neman 'yancin kai ta taso, sai wasu suka ce wanda ya ƙi zuwa wurin rabo, abin da aka ba shi zai karɓa. Dokta R.A.B. Dikko, Kirista ɗan Wusasa ta Zariya, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Fasto David Lot na Panyam kuwa yana cikin jagororin ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba da aka kafa a 1949, wadda ta rikiɗe ta koma jam'iyyar yankin tsakiya, har ya zama minista a gwamnatin Arewa.

Ɗaya ɓangaren bai yi shiru ba. Dokta Byang Kato ɗan Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya yi ta gargaɗin kada a mayar da ceton rai ya koma neman 'yancin siyasa kawai. Ya rasu a 1975, shekara guda kafin a kafa ƙungiyar CAN a 1976.

Abin da ya karkata ma'aunin shi ne majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda Alhaji Shehu Shagari yana cikin wakilanta. Zazzafar muhawarar da aka yi kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta nuna wa majami'u cewa a zauren majalisa ake yanke abin da zai shafi makarantunsu da kotunansu. Tun daga nan masu cewa a shiga suka yi rinjaye, har ta kai fastoci na tsayawa takara.

Sai dai rinjaye bai kashe gardamar ba. Har gobe akwai masu tuna gargaɗin Kato duk lokacin da suka ga ɗan takara a kan bagaden coci ana gab da zaɓe. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.