Kofin Rachael Heyhoe Flint: Yadda Albashi Ya Shiga Kurket ɗin Mata a Ingila

Ana yawan cewa annobar korona ce ta haifi Kofin Rachael Heyhoe Flint, tun da a 2020 aka ƙirƙiro shi cikin gaggawa bayan cutar ta dagula jadawalin wasanni. A ganina korona ta dai sa ranar suna, amma cikin ya riga ta. Gasar gundumomi ta mata da aka fara a 1997 ba sana'a ba ce: 'yar wasa tana da aikinta ko karatunta, kurket na ranar hutu ne. Ko a 2014, 'yan ƙungiyar ƙasa 18 kaɗai hukumar kurket ta ƙasa, ECB, ta ba kwantiragi. Sai a 2019 hukumar ta yanke shawarar tattara gwanaye a ƙungiyoyi takwas na shiyya-shiyya, ta kuma biya su. Kafin 2020 ta ƙare, mata 41 sun sa hannu. Kofin shi ne fagen da aka gwada tsarin: kowane ɓangare ofa 50, kowace ofa jifa shida, a gama a yini guda.

Sunan ma ba kara zube aka zaɓa ba. Heyhoe Flint, wadda ta rasu a 2017, ita ta shawo kan attajiri Jack Hayward ya zuba kuɗi aka yi Gasar Kofin Duniya ta mata a 1973, shekara biyu kafin ta maza, kuma ita ta jagoranci Ingila ta cinye.

Masu suka sun ce ƙungiyoyin shiyya ba su da tushe, ba mai cewa kakansa ɗan Southern Vipers ne, kuma Vipers ɗin sun mamaye gasar da kofi uku cikin biyar. Maganar tushe gaskiya ce. Ta mamaya kuwa da sake. A 2022 Northern Diamonds sun doke Vipers da maki biyu tak a wasan ƙarshe a filin Lord's. Sunrisers kuma, waɗanda suka yi kaka uku ba su ci wasa ko ɗaya a gasar ba, su ne suka ɗauki kofin 2024. Irin wannan ba ya faruwa sai inda atisaye ya zama aikin kullum. A 2025 ECB ta mayar da ƙungiyoyin hannun gundumomi, sunan kofin ya kau, amma gundumomi takwas da suka karɓa sun karɓa ne da sharaɗin biyan 'yan wasa.