Tsibirin da Babu Ruwa a Kewayensa

A ƙasar Malumfashi da Ƙanƙara, kafin kwalta ta yi yawa, wanda ya ratse cikin gonaki da kaka yakan ci karo da wani irin gida da ba a gani a cikin gari. Gida ne guda tilo a tsakiyar dawa da maiwa, rumbuna reras a gabansa, mutanen cikinsa kuwa sun kai yawan ƙaramin ƙauye: mai gida, ƙannensa, 'ya'yansu, matansu da jikoki. Gidan Maguzawa ke nan, wato Hausawan da suka zauna a kan al'adar kakanni bayan Musulunci ya game birane. An saba cewa nisa da gari ne ya raya irin wannan zama, ko kuma taurin kai. Ni a ganina rumbu ne ya riƙe shi, kuma ranar da rumbu ya daina zama dukiyar gida gaba ɗaya, ranar ce zaman ya soma warwarewa.

Sunan kansa yana ba da shaida. Masana da dama suna danganta kalmar Bamaguje da Majusawa, mutanen da fikihu ya yarda a karɓi jiziya a hannunsu, a bar su da rayukansu da gonakinsu. Wato bayan jihadin 1804 ba ɓuya suka yi wa masarautar Katsina ba. Tana sane da su, tana da rabo a cikin guminsu. Manomin da ke ba da jiziya, ya kuma cika kasuwa da hatsi, sarki ba shi da gaggawar tayar da shi. Murray Last, masanin tarihin Daular Sakkwato, wanda ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya tarar da mutane masu cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu Musulmi, masu magana da Hausa ɗaya. Bambancin yana cikin tsarin aiki. Maza suna noma gandu tare a ƙarƙashin mai gida, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Mata ba sa kulle, suna fita gona, suna da nasu hatsin da nasu rumbun, suna dafa giyar da ake sha a biki da gayya. Gidan da hannuwa suka yi masa yawa haka ba ya tsoron baƙar shekara kamar na mai mata ɗaya da fartanya ɗaya.

Za a ce ai addini ne ya kawo ƙarshen abin, ba tattalin arziki ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi a farkon shekarun 1960 ya ja mutane da yawa, 'yan mishan kuma sun ja wasu da makaranta da asibiti, shi ya sa yau ake da Hausawa Kirista masu yawa a yankin. Amma wa'azi ya daɗe a ƙasar nan. Malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai-kawo, gidajen suna nan daram. Abin tambaya shi ne me ya sa kunne ya buɗe a daidai wannan lokaci. Amsar tana wajen auduga. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don samar wa masaƙun Lankasha auduga, ya kafa injin gurza a Funtuwa, aka buɗe gonar gwajin iri a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Hatsi ana zuba shi a rumbun gida, mabuɗi a hannun dattijo. Auduga kuwa sikeli ake ɗora ta, a damƙa wa wanda ya kawo ta kuɗi. Saurayin da ya iya biyan harajinsa da kuɗin aurensa daga gayaunarsa, me zai jira a gandu? Da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya shigo da takin zamani da masara, sai noma ya ƙara zama lissafin buhu, kowa da aljihunsa.

Wasu za su kwatanta da tsibirin Sant Kilda na Sukotlan, inda aka kwashe mutum 36 na ƙarshe, masu harshen Gelik, a 1930, bayan matasa sun yi ta ficewa. Kwatancin yana da iyaka. Can teku ce ta killace su, harshe ya bambanta su, da suka tashi kuma ƙauyen ya zama kufai. Nan ba wanda ya tashi. Jikokin suna noma gonakin kakanninsu, wani ya nufi masallaci, wani coci, an raba gandu gida-gida, an yi rufin kwano a inda bukkoki suke, hatsin kuma ana ɗura shi a buhu a kai kasuwar Funtuwa.