Jirgin Disney da Kuɗin Ɗakin Otal

Maƙalar wannan makon ta leƙa Amurka.

Lokacin da Walt Disney ya buɗe filin wasa na Disneyland a Kalifoniya a 1955, aljihunsa ya riga ya bushe, ba kuɗin gina otal. Wani attajiri, Jack Wrather, shi ya gina Disneyland Hotel. Kafin ka ce kwabo, ƙananan masaukai masu araha sun zagaye wurin suna kwashe baƙi. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Abin ya tsaya wa Walt a rai. Shi ya sa a Fulorida ya sayi fili fiye da eka 27,000 a ɓoye, da sunayen kamfanoni daban-daban, gudun kada masu filaye su tsawwala farashi. Ya rasu a 1966, bai ga buɗe Walt Disney World a 1971 ba.

A can, baƙo yakan ajiye motarsa nesa, tafki na tsakaninsa da ƙofar shiga. Ko ya hau jirgin ruwa, ko jirgin ƙasa mai layin dogo guda, wanda ke ratsawa ta cikin otal ɗin Contemporary. Har yau otal-otal da ke kan layin nan suna cikin mafiya tsada, su kuwa na All-Star masu sauƙin kuɗi, da aka fara buɗewa a 1994, sai bas. A ganina kusanci ake biya, gado ai gado ne.

A 2005 kamfanin ya fara kwaso baƙi daga filin jirgin saman Orlando kyauta. Wanda bai yi hayar mota ba, a ina zai ci abinci in ba a gidansu ba? An daina wannan jigilar a farkon 2022.