'Yan Fashin Sama: Tarihin Jirgin Balan-balan a Cikin Ƙagaggun Labarai



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin wani reshe na ƙagaggun labarai wanda Turawa ke kira sitimfank, mu kuwa muna iya kiransa adabin zamanin tururi. Labarai ne na kasada da ake rubutawa a wannan zamani, amma a gina su bisa duniyar ƙarni na 19, lokacin da injin tururi yake tashe. A cikinsu manyan jiragen balan-balan suna ratsa gizagizai, 'yan fashin sama kuma suna tare su kamar yadda a da akan tare ayari. Tambayar da ke gabanmu ita ce: me ya sa marubuta suka riƙe jirgin da duniya ta daɗe da jingine shi?

Bari mu fara da jirgin kansa. Ƙatuwar jaka ce mai siffar kifi, a cika ta da iskar haidurojin wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, a rataya mata ɗaki da inji. A shekarar 1852 wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya ɗaura wa irin wannan jaka injin tururi mai ƙarfin doki uku, ya tashi daga Faris ya yi tafiyar kimanin kilomita 27. Sai dai iska ta fi ƙarfin injinsa, bai iya juyowa ba. A 1900 ne Ferdinand von Zeppelin na Jamus ya tayar da jirgi mai ƙwarangwal na ƙarfen alminiyam, wanda jikokinsa suka riƙa ketare teku.

Marubuta ba su tsaya jiran maƙera ba. Tun a 1863 Jules Verne ya wallafa labarin wasu Turawa uku da suka ratsa Afirka cikin balan-balan, daga Zanzibar zuwa kogin Sanagal, suka bi ta saman Tafkin Cadi da Tumbuktu. Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Ya dogara ne ga rahoton matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zo Kano da Kukawa a 1851. A 1886 kuma ya ƙago Robur, mai jirgin Albatross da ke tashi da farfela. Robur yakan sace wanda ya ga dama ya tafi da shi sama, kuma da ya iso Dahome sai ya buɗe wuta a kan wani taron sarki don ya hana yanka mutane. A lura da wannan wuri da kyau. Niyyarsa ta ceto ce, amma ba wanda ya naɗa shi alƙali, kuma ba hannun da zai iya kai masa. Nan ne tushen ɗan fashin sama.

A 1908 wannan iri ya yi rassa biyu. A Jamus aka fara buga ƙananan littattafai masu araha, fiye da 160, a kan Kyaftin Mors, ɗan fashi mai rufe fuska wanda yake far wa azzalumai daga sama. A Ingila kuwa H. G. Wells ya rubuta The War in the Air, inda rundunar jiragen Jamus ta ragargaza birnin New York, yaƙi ya game duniya. Mors fata ne, labarin Wells kuwa gargaɗi, kuma gargaɗin ne ya tabbata. A 1912 jiragen balan-balan na Italiya suka jefa bama-bamai a Libiya, a 1915 na Jamus suka jefa wa Landan. Ashe wanda ya fara zama ɗan fashin sama na gaske gwamnati ce mai tuta da soja.

Bayan yaƙi jirgin ya koma ɗaukar fasinja, har Graf Zeppelin ya zagaya duniya a 1929. Amma haidurojin abokiyar wuta ce. A 1930 jirgin Ingila R101 ya faɗi a Faransa, mutum 48 suka rasu. Ranar 6 ga Mayu 1937 Hindenburg ya kama da wuta a Amurka a gaban masu ɗaukar hoto, mutum 36 suka halaka. Daga nan jirgin sama mai fiffike ya gaji fagen.

Mutuwar jirgin ce ta ba shi sabon aiki a adabi, domin ya zama alamar hanyar da tarihi bai bi ba. A 1971 Michael Moorcock ya wallafa The Warlord of the Air. Wani hafsan Ingila na 1902 ya farka a 1973, ya tarar ba a yi Yaƙin Duniya ba, daulolin Turai suna nan daram, suna riƙe da ƙasashen da suka mallaka da ƙarfin jiragen balan-balan. Da farko abin ya ƙayatar da shi. Da ya ga wanda ke ɗauke da nauyin wannan zaman lafiya, sai ya bi 'yan tawaye. Haka nan a fim ɗin Hayao Miyazaki na Japan, Laputa, na 1986, 'yan fashin sama ne suka taimaki yara biyu, sojojin gwamnati kuwa suna farautar makamin da zai ba su mulkin duniya. A 1987 marubuci K. W. Jeter ya laƙaba wa wannan salo sunan da aka san shi da shi.

A taƙaice, jama'a, amsar tambayarmu ita ce: kafin 1914 waɗannan labarai suna hasashen abin da zai zo, bayan 1970 kuwa sun koma suna tuhumar abin da ya wuce. Gaskiya ne da yawansu nishaɗi ne kawai, wasu ma suna yi wa zamanin mulkin mallaka kwalliya, su manta da waɗanda ke ƙasa. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauki irin wannan littafi ya dubi abu biyu: wa ke riƙe da akalar jirgin, kuma su wa inuwarsa ta rufe? Mu da kakanninmu suka fito a labarin Verne a matsayin waɗanda ake leƙowa daga sama, mun fi kowa haƙƙin yin wannan tambaya.